Mota ɗaya, mutum ɗaya: su wa ke haddasa gosulon hanyar Nyanya?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Magana nake da ita a kan hanyar nan tamu ta Mararraba zuwa mahaɗar AYA da ke Abuja, kuma ina roƙon a tattauna ta da gaske. Duk mai bin hanyar da safe ya leƙa motocin da ke gefensa, tun daga gadar Nyanya har Kugbo. Mafi yawan motocin gida mutum ɗaya ne a ciki, sauran kujerun babu kowa, ga kuma jama'a tsaye a bakin titi tun bayan sallar asuba suna ɗaga hannu. Tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba sai ta cinye wa mutum safiyarsa. Kullum gwamnati muke ɗora wa laifi, amma a ganina kaso mai yawa na gosulon nan mu ne da kanmu. A zauren nan muna da yawa mazauna Mararraba, Ado da Masaka, kuma aikinmu bai wuce Sakatariya, Garki da Wuse ba. Me zai hana mu haɗu huɗu-huɗu, yau motar wane gobe ta wane, ko kuma a yi karo-karon kuɗin mai? Zai yiwu? In ya yiwu zai rage wani abu, ko dole sai an ƙara faɗin titi?

Dan_Masaka:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham, ka yi haƙuri amma ban yarda ba. Mu nawa ne a zauren nan? Ko dukanmu muka ajiye motocinmu titin ba zai san an yi ba. Hanya ɗaya ce tal ke ɗaukar mutanen Karu, Nyanya, Mararraba, Masaka har Keffi, ga masu zuwa daga Jos da Makurɗi, ga tireloli. A ƙara layi, a buɗe wata hanyar, a gama magana.

Injiniya_Sada:
Dan_Masaka, buɗe wata hanya daban yana da amfani, a nan ina tare da kai. Ƙara layi a kan wadda ake da ita ne nake da ja. Layi guda na babban titi, idan komai na tafiya daidai, abin da yake iya fitarwa a awa ɗaya bai wuce mota 2,000 ba. In kowace mota mutum ɗaya ce, mutum 2,000 ke nan. In huɗu-huɗu ne, layin nan dai shi ne zai fitar da mutum 8,000 ba tare da an zuba ko buhun siminti ɗaya ba. In kuwa manyan bas ne, lissafin ya wuce nan nesa.

Na biyu, hanyar nan mazurari ce. Komai faɗin bakinta a Nyanya, sai ta zo ta tsuke a AYA da mashigan Asokoro, daga nan kowa ya shiga neman wurin ajiye mota a Sakatariya. In ka faɗaɗa sama ba ka taɓa wuyan ba, matsar da cunkoson kawai ka yi.

Na uku shi ne wanda mutane ba sa son ji. Duk lokacin da titi ya yi sauƙi, sai wanda da yake shiga bas ya fito da motarsa, wanda ke fita ƙarfe biyar don gudun gosulo ya koma ƙarfe bakwai, mai neman gida ya ƙara nisa ya kama a Masaka ko gaba da nan tunda an ce hanya ta buɗe. 'Yan shekaru kaɗan titin ya sake cika. A birnin Houston na Amurka akwai titin Katy, an gama faɗaɗa shi a 2008 da kuɗi kusan dala biliyan 3, wani wurin layi 26 idan an haɗa da na gefe. Tsakanin 2011 da 2014 lokacin da tafiya ke ci a kansa ƙaruwa ya yi. Su da ke da kuɗin ke nan.

Dan_Masaka:
Injiniya, Houston daban Mararraba daban. Can kusan kowa yana da mota. Nan mafi yawan masu bin hanyar ko keke ba su mallaka ba.

Injiniya_Sada:
Wannan ai hujjata ka ƙarfafa. Marasa mota su ne mafiya yawa, amma 'yan tsirarun da ke tuƙi su kaɗai su suka cinye mafi yawan filin titin. Bas mai mutum hamsin tana tsaye a bayan motoci goma masu mutum goma.

Maman_Walid:
Duk na ji bayananku, amma ba wanda ya ambaci 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. Ƙanwar mijina ta shiga wata mota da yamma za ta koma gida, mota mai kyau, har da mace a gaba. Suka kulle ƙofofi, suka karɓe waya da katin banki, suka tilasta mata faɗin lambar sirri, suka yar da ita a bayan gari cikin dare. Allah Ya sa da sauran kwana. Tun daga ranar mijina ya ce ko bashi ne za a ci a zuba mini mai, amma ban ƙara shiga motar da ban sani ba. Ni kaɗai nake tuƙi, ina cikin waɗanda Baban Ilham yake gani, kuma ba don isa ba ne. Tsoro ne.

Ummu_Sumayya:
Allah Ya ƙara tsarewa, Maman Walid. Wallahi maganarki ita ce ta matan Abuja da yawa.

Baban_Ilham:
Allah Ya kiyaye gaba, Hajiya. Abin da ya same ta shi ne ma dalilin da ya sa na ce a cikinmu za a yi. Ban ce a tsaya a bakin titi a ɗauki wanda ba a sani ba. Mutum huɗu da suka san gidajen juna da wuraren aikin juna nake nufi. Wannan ai ya fi tsaron ma, don ko taya ce ta fashe miki a Kugbo da magariba, gara kuna huɗu da ke kaɗai.

Mai_Golf_Karu:
Bari in faɗa muku yadda abin yake a ƙasa. Haɗa mota ba sabon abu ba ne a Abuja, ma'aikata sun daɗe suna kabu-kabu da motocinsu safe da yamma. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya a 2024 ta haura 1,000, sai abin ya zama dole. Har masu manyan muƙamai za ka gani sun tsaya suna ɗaukar fasinja. Ni ma ina yi, don albashin ba zai ɗauki man wata ba. To amma a idon hukuma motar gida da ke ɗaukar fasinja da kuɗi, ba fenti ba rajista, laifi ne, kuma ana kamawa. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, tunda da irin motocin nan ake wan-cans. Sai dai an haɗa mai gaskiya da ɓarawo a layi ɗaya. Da za a buɗe rajista mai sauƙi, ma'aikaci ya kai katin aikinsa da takardun mota a ba shi lamba ya manna a gilashi, da fasinja ya san wa ya ɗauke shi, mu ma mun huta da fargaba.

Hajiya_Gbazango:
Ku mutanen Nyanya sai dai mu ce Allah Ya kawo muku ɗauki. Mu ta wajen Kubwa jirgin ƙasa ya ɗan taimaka. Ina shiga a Gbazango, a sauya a Idu, a sauka a tashar cikin gari. Ba gosulo, ba hayaƙi, mutum ya zauna ya yi azkar ɗinsa cikin natsuwa.

Sani_Lugbe:
Jirgin da Wike ya kawo ko?

Injiniya_Sada:
Gyara kaɗan, Malam Sani. Buhari ne ya fara ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, ya yi shekaru a ajiye, sai Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayu 2024, Wike yana ministan Abuja, aka kuma bar mutane suna hawa kyauta har ƙarshen shekarar. Tashoshi 12 ne, daga cikin gari zuwa filin jirgin sama ta Idu, da kuma reshen Idu zuwa Gbazango. Babbar matsalarsa ita ce bai bi inda jama'a suka fi yawa ba. Ko kusa da Nyanya da Mararraba bai je ba, kuma tashoshi da dama suna nesa da unguwanni.

Hajiya_Gbazango:
Gaskiya ne wannan. In ka sauka sai ka sake neman mota zuwa ofis, a can gida ma sai ka hau keke napep kafin ka kai tasha. Kuma in jirgi ya wuce ka, jiran na gaba ba ƙarami ba ne. Maƙwabtana da yawa sun gwada sun koma motocinsu saboda haka. Da akwai bas da ke jiran kowane jirgi ta kwashi mutane zuwa Sakatariya da Wuse, da taragon nan ba zai ishe mu ba.

Dattijon_Garki:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na zo garin nan tun kafin a dawo da fadar gwamnati daga Legas a watan Disambar 1991, kuma na ga yadda aka zo inda muke.

Taswirar Abuja ta 1979 ta ware hanyoyi na musamman don motocin jama'a da jirgi su ratsa tsakiyar unguwanni. Waɗanda suka zana ta sun san gari ba ya rayuwa da motar gida kaɗai. Aka gina manyan tituna, aka bar waɗancan a takarda. A zamaninmu kusan kowace ma'aikata tana da bas ɗin ma'aikata, ta ɗauko ka da safe ta mayar da kai da yamma, kuma ƙananan ma'aikata da yawa a Garki da Wuse suke zaune, a gidajen gwamnati. Da aka sayar da gidajen nan a zamanin Obasanjo, haya ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, sai kowa ya yi bayan gari. A 2006 aka hana acaɓa a cikin birni. A 2013 aka hana ƙananan bas shiga tsakiyar gari, aka ce manyan bas za su maye gurbinsu. Manyan ba su taɓa wadatar da jama'a ba. Mutumin da ka kora nesa, ka hana shi babur, ka hana shi ƙaramar bas, ba ka ba shi babba ba, me ya rage masa? Ranar da ya samu rancen mota zai saya. Saboda haka Baban Ilham, shawararka mai kyau ce, amma kada ka ɗora wa mutane laifin da ba su suka fara ba.

Baban_Ilham:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Ban ce su suka fara ba. Cewa nake kafin a gyara wancan, akwai abin da ke hannunmu.

Bakano_a_Jabi:
Ku zo Kano ku ga ƙarshen zancen gadar sama. Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro, duk an yi, kuma sun yi kyau. Amma ka shiga Kantin Kwari ko Bata da rana ka gani. Tun da aka hana goyo a babur a Janairun 2013 adaidaita sahu ta gaje garin. Mutum uku take ɗauka a baya, ta tsaya inda ta ga dama. Mu matsalarmu ba mai tuƙi shi kaɗai ba ce, ƙananan abin hawa ne suka yi yawa, babu babbar bas mai tsari da za a dogara da ita.

Ummu_Sumayya:
Amma Yaya ka tuna adaidaita don mata aka fara kawo ta zamanin Malam Shekarau, kuma ta rufa wa mata asiri ƙwarai. Ga dubban matasa da ke ci da iyalinsu da ita. Duk tsarin da za a kawo sai an yi tunaninsu.

Bakano_a_Jabi:
Ban ce a kore su ba, ƙanwata. Su riƙa kawo mutane daga lunguna zuwa bakin babban titi, bas ta ɗauka daga nan. Kowa ya samu.

Dalibi_a_Landan:
Ina bibiyar ku daga nesa. Nan Landan tun watan Fabrairun 2003 duk wanda zai shiga tsakiyar gari da motarsa a lokutan aiki sai ya biya. Fam 5 aka fara, a 2020 ya kai fam 15. Doka ta ce kuɗin a harkar sufuri za a kashe shi, kuma kafin a fara sai da aka ƙara bas masu yawa a kan hanya. Singafo ta riga su tun 1975. Abin da na lura da shi shi ne, muddin shiga gari da mota da ajiye ta kyauta ne, duk mai hali zai shigo da ita.

Dan_Masaka:
To fa, an zo wurin. Mai ya yi tsada, wuta ta ƙaru, haya ta ƙaru, yanzu kuma a ce mu biya kuɗin shiga garinmu? Mai kuɗi ko a jikinsa, zai biya ya wuce. Talaka mai tsohuwar mota shi za a kora daga titi.

Mai_Golf_Karu:
Kuma an taɓa kawo biyan kuɗin fakin a titunan Abuja, har kotu ta dakatar da shi a 2014. Mutane ba su ga abin da aka yi musu da kuɗin ba, abin da suka gani kawai ɗaure taya da jan mota.

Dalibi_a_Landan:
Ban ce a kwafo shi gobe ba. Ba a sa wa mutum haraji a kan abin da ba shi da madadinsa. Bas tukuna. Amma ku dubi yadda Sitokholm ta Suwidin ta yi. A 2006 suka ce gwaji ne na wata bakwai, aka ƙara bas, motocin da ke shiga gari suka ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, layukan gosulo suka ragu sosai. Kafin gwajin yawancin mutane ba sa so. Bayan sun gani da idonsu aka yi ƙuri'ar raba gardama, mazauna birnin suka amince, a 2007 ya zama na dindindin. Abin lura a nan shi ne kashi 20 ɗin. Ba sai rabin motoci sun bar titi ba.

Injiniya_Sada:
Wannan ita ce amsar tambayar Dan_Masaka ta farko, cewa mu nawa ne. Titi yana tafiya lafiya har ya kusa cika, 'yan motocin ƙarshe da suka hau kansa su ke tsayar da kowa. Kowa a nan shaida ne: idan makarantu suka yi hutu hanyar Nyanya sai ta saki, alhali ma'aikata ba su daina zuwa aiki ba.

Malama_Hauwa:
Tunda an taɓo makaranta. Ni malama ce. Ku zo ƙofar makarantarmu ƙarfe bakwai da rabi, kowane yaro da motarsa, wani ma direba ne ya kawo shi zai koma gida ba kowa, ya sake dawowa da rana. Akwai yaran da layinsu ɗaya, ajinsu ɗaya, motoci uku ke kawo su. Bas ɗin makaranta ta yi tsada, na sani, amma iyaye uku su raba kwanakin mako a tsakaninsu me zai ci musu? Haɗa mota ma ya fi sauƙi a nan, don lokacin shiga da na tashi ɗaya ne.

Sani_Lugbe:
Me zai hana a yi doka kawai? Ranar Litinin masu lamba mara, Talata masu cika. Ko a ce motar da ba ta da mutum uku ba za ta bi layin sauri ba.

Dattijon_Garki:
Ta farkon an yi ta a Legas a 1977, ina saurayi. Masu hali suka sayi mota ta biyu, ɗaya mara ɗaya cika, wasu suka samo lamba biyu. Ba a daɗe ba titi ya koma yadda yake.

Dalibi_a_Landan:
Ta biyun kuma Jakarta ta Indunusiya ta yi, daga 1992 zuwa 2016. Sai sana'a ta ɓullo: mutane su tsaya a bakin titi, mai mota ya biya su su cike masa kujeru ya wuce shingen, har mata masu goyo, don jariri ma ana ƙirga shi. Wannan na cikin abin da ya sa aka soke dokar. Amma masu bincike da suka auna bayan sokewar sun tarar gosulon ya ƙaru sosai, har a titunan da dokar ba ta shafa ba. Ke nan duk da maguɗin tana aiki. A yankin Washinton kuwa tun shekarun 1970 akwai wuraren da ma'aikata ke yin layi, mai mota ya zo ya ɗauki biyu don ya samu bin layin masu mutum uku, ba a biyan ko sisi. Shi ya samu sauri, su sun samu rage hanya.

Direban_Kosta:
Ranku ya daɗe, ni direba ne, hanyar nan nake ci nake sha. Duk dokar layi da za ku kawo, tambayata ɗaya: wa zai tsare shi? Yau a shafa fenti a ce layin bas ne, gobe mai jiniya ya shiga, na bayansa ya bi, shi ke nan. A Legas da suka fara BRT, wato manyan bas masu layinsu na kansu, a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS kankare suka sa suka raba layin, kuma akwai masu kama wanda ya shiga. Shi ya sa mutum zai ajiye motarsa, don yana zaune a gosulo yana kallon bas tana wucewa. Bas ɗin da za ta tsaya a gosulo ɗaya da motarka, ga zafi ga matsi, wa zai bar motarsa saboda ita?

Sannan ku masu motocin gida ku daina ganin mu kaɗai ne ke tare hanya. Gaskiya ne muna lodi a bakin titi a Nyanya da Mararraba, layi biyu ya koma ɗaya, ga 'yan kasuwa sun baje kaya har kan kwalta. Amma fasinja a nan yake tsayawa. An gina tasha a Kugbo da Mabushi a 2025, madalla. Sai dai in ba a yi wuraren tsayawa na gefe a inda mutane ke taruwa ba, direban da ya shiga tasha zai zauna ne yana kallo wani ya kwashe fasinjan a waje.

Bakano_a_Jabi:
Malam direba ya faɗi gaskiya. Darussalam ta Tanzaniya ma da layin da aka killace suka fara tasu BRT ɗin a 2016.

Abu_Khalil:
Ni tambayata daban ce. Dole ne kowa ya je ofis kullum? Bayan cire tallafi Kwara da Edo sun mayar da zuwa aiki kwana uku a mako, Legas ma ta yi wa ƙananan ma'aikata haka a farkon 2024. Aikina duk a kwamfuta ne. Ina cin gosulo in je in zauna in aika saƙon da zan iya aikawa daga ɗakina. In kowace ma'aikata ta ba mutanenta kwana ɗaya a gida, a rarraba ranakun, kashi ɗaya cikin biyar na masu fita ya ragu ke nan. Kashi 20 ɗin da ake ta magana.

Nas_Rabi:
Ɗan'uwa, marar lafiya ba ya jinya ta intanet. Mu da 'yan kasuwa da masu gadi da malamai dole mu fita. Kuma wutar da za ka kunna kwamfutar a Masaka tana ina?

Abu_Khalil:
Haka ne Anti, ba kowa ba. Amma in mu muka zauna, ke ce za ki isa asibiti da wuri. Wuta kuwa, kuɗin man mako biyu ya isa a fara tara na ƙaramin sola.

Nas_Rabi:
Wannan kuma na yarda. Ko lokacin shiga aiki a bambanta, wasu bakwai, wasu tara, wasu goma. Yanzu kowa takwas yake nema.

Sani_Lugbe:
Keke fa? Ba wanda ya ambata.

Dattijon_Garki:
Marigayi Ojo Maduekwe ya yi wannan kiran yana ministan sufuri a 2001, har yana hawa keke zuwa taron majalisar zartarwa, wata rana bas ta ture shi ya faɗa kwalbati. Mutane suka yi ta dariya, amma ni ban ga abin dariya ba. Shawararsa ba ta da laifi, hanyar keken ce babu. Daga Mararraba da hawan Kugbo ba zai yiwu ba. Amma a cikin Garki ko Wuse ko Gwarimpa, da akwai hanya mai inuwa da aka raba da motoci, matasa da yawa za su hau. A Kano da Zariya da keke muka tashi, malamai da ma'aikata duk shi suke hawa, ba wanda ya raina su.

Ummu_Sumayya:
Baba ka taɓo inda ke ciwo. Raini. Akwai wanda ko an kawo bas mai sanyi har ƙofar gidansa ba zai shiga ba, don kada a ce Alhaji ya karye. Wani ma a gidan surukai ake auna shi da mota. In manya ba su fara shiga ba, na ƙasa zai ci gaba da ganin bas ta wanda bai samu ba ce.

Garba_Ado:
Ku dawo kan tambayar Baban Ilham, don ni na yi abin da yake faɗa, mu huɗu daga Ado. Kuɗin mai ya ragu ƙwarai, mota ta huta, bakanike ya rage ganina. Safiya ba ta taɓa ba mu wahala ba. Yamma ce ta raba mu. Ɗaya oga ya riƙe shi a taro har bayan magariba, ɗaya zai biya kasuwa, ɗaya zai ɗauko yara daga Islamiyya. Sai a fara jin nauyin juna, wanda aka jira yana jin kunya, masu jira suna gunaguni a ciki. Ga maganar kuɗi, Bahaushe ba ya son ya ce wa abokinsa ba ka biya na wannan makon ba.

Shawarata in za ku yi: a haɗa mutanen da lokacin tashinsu ɗaya ne, ba waɗanda unguwarsu ɗaya kawai ba. A sa wurin haɗuwa guda, kamar bakin masallaci bayan asuba, kada a bi gida-gida. A yanke minti nawa ake jira, kowa ya amince tun farko, wanda aka bari kada ya ji haushi. Kuɗi a tura ranar Lahadi kafin mako ya fara. Kuma kada a ce kullum, a fara da kwana uku, sauran biyun kowa ya yi uzurinsa.

Maman_Walid:
Malam Garba, in haka ne zan iya gwadawa, amma da mata 'yan uwana. Mijina ba zai yarda in shiga motar maza ba ko da an san su, ni ma hankalina zai fi kwanciya. Akwai mata a nan da ke tashi daga Karu ko Nyanya zuwa wajen Area 11? Motata tana da lafiya, ni zan riƙa tuƙawa.

Nas_Rabi:
Ni Karu nake, amma aikinmu na karɓa-karɓa ne. Makon da nake safiya zan bi ki in sha Allah.

Dan_Masaka:
Allah Ya ba da sa'a, ba na hana kowa. Kuɗin mai za ku rage, wannan na yarda. Gosulo kuwa ina nan a kan bakana. Ku cire mota ashirin, gobe wasu ashirin sun sayo. Injiniya da kansa ya ce in titi ya yi sauƙi wasu ke cike shi.

Injiniya_Sada:
Haka na ce, kuma tambayar tana da ƙarfi. Shi ya sa haɗa mota shi kaɗai ba ya riƙe nasarar. Sai an ɗauki filin da aka samu an killace wa bas da motoci masu cike da mutane, yadda ko titin ya sake cika su ba zai shafe su ba. Wannan aikin hukumar Abuja ne da gwamnatin Nasarawa tare, tunda hanyar ta ratsa su biyun.

Baban_Ilham:
To ga abin da zan yi. Duk mai so ya turo mini ta akwatin sirri: unguwarsa, inda yake aiki, lokacin shiga da na tashi, da ko yana da mota. Kada kowa ya sa lambar waya ko adireshi a nan fili. Ba za a haɗa kowa da kowa ba sai wani a zauren ya tsaya masa cewa ya san shi. Na mata Maman Walid za ta riƙe, in ta amince. Malam Garba, ina so ka rubuto mana sharuɗɗan nan a tsare.

Maman_Walid:
Na amince.

Mai_Golf_Karu:
Tambaya kafin a watse. In an tare mu a hanya aka ce kabu-kabu muke yi, me za mu nuna? Akwai lauya a zauren nan da zai faɗa mana matsayin karo-karon kuɗin mai tsakanin abokan aiki, da kuma abin da inshorar motar gida ta ce in aka yi haɗari da mutum uku a ciki?

Sani_Lugbe:
Mu na hanyar filin jirgi ma a sa mu a lissafi. Lugbe zuwa Sakatariya, ƙarfe huɗu nake tashi.